Yatsan da Wayar Kawu Ta Sani

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar wata Juma'a da asuba, damina ta fara kankama, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, mai sana'ar bandar kifi a nan Haɗeja. Bai yi jinya ba. Ya yi alwala, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a kan tabarma, shi ke nan.

Maƙwabta sun ce ba kuka ne ya fara sanar da su ba. Rashin hayaƙi ne. Shekara da shekaru gari bai taɓa wayewa ba tare da hayaƙin banda ya tashi daga bayan gidan Kawu ba, sai ran nan matan da ke masa aiki suka yayyafa wa murahunsu ruwa suka zauna.

Kowa ya zo da Kawun da ya sani. Masunta daga wajen Kirikasamma suka iso da wanduna a jiƙe har gwiwa, wani dattijo a cikinsu yana ta maimaita cewa, "Bai taɓa raina kamun mutum ba, ko karfasa uku ka kawo masa." Direban da ke ɗaukar mana kaya ya zauna a gindin tayar motarsa, ya rufe fuska da hula. Malamar da ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, Kirista ce daga Filato, ta zo da mijinta. Ta lulluɓe kanta ta shiga wajen mata, shi kuma ya zauna tare da mu a ƙofar gida har rana ta yi zafi. Wani abokin Kawu na ƙuruciya ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "To, yau dai na huta da gardama." Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu da wayar Kawu a aljihuna. Lokaci lokaci sai ta yi ɗan ƙara, alamar saƙo ya shigo, sai gabana ya faɗi. Zan faɗi dalili, amma sai na fara da yadda Kawu da wayar nan suka haɗu.

Shekara ashirin da wani abu ina aiki a ƙarƙashinsa. Ni ke tsince kifi, in ware tarwaɗa daban, bargi daban, in jera a kwali in ɗaure. Kawu bai yi boko ba, ni ma ban yi ba sai yanzu da furfura ta fara fito mini. Da farko ko hannu ba ya son sa wa babbar waya. Yakan ce, "Abin da ake shafawa kamar kyanwa, ina zai iya ciniki?" Malama ce ta karya masa gardama. Ta zo sayen kifi, ya yi mata ƙorafin wani mai saye a kudu da ya musanta abin da suka yi magana a kai. Ta ciro wayarta ta ce ya danna nan ya yi magana. Ya ce, "Me zan ce?" Ta saki, ta kunna masa, sai ga muryarsa tana tambaya, "Me zan ce?" Sai ya ce, "Wato ita ba ta mantuwa?" Ta ce ba ta yi. A makon nan ya sayi tasa.

Tun daga ranar ya hana abokan cinikinsa kira. Duk mai son kaya, sai dai ya aiko da saƙon murya ta manhajar hira. Yakan ce, "Maganar kira iska ke kwashe ta, saƙon murya kuwa shaida ne mai zaman kansa." In mutum ya kira, sai ya ɗaga ya gaisa da shi, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "To, kashe ka aiko mini." Har suka saba.

Kiran bidiyo kaɗai ya yarda da shi, shi ma don dalili ɗaya. Akwai wata mata da ke sayen kaya daga can kudu, ba ta yarda da hoto, ta ce hoto ba ya nuna danshi. Sai Kawu ya kira ta ido da ido, ya ɗauko tarwaɗa guda daga tsakiyar kwali, ya kai ta bakin waya ya karya. Ƙas! Sai ya ce, "Madam, kin ji? Kifin da bai bushe ba ba ya wannan magana." Ita kuma ta yi ta dariya tana ce masa Baba.

Manhajar taswira kuwa ta raba shi da faɗa da direbobi. In ruwa ya cika fadama, wurin da kwale-kwale ke tsayawa yakan canza, wani lokaci ciyawar kacala ta toshe hanyar da aka bi jiya. A da sai a yi ta kwatance, "ka wuce tsamiya, ka bar rugar Fulani a dama," direba ya ɓata rabin yini. Da Malama ta nuna masa yadda ake aika wa mutum daidai inda kake tsaye, sai ya zama kullum yana tsaye a bakin ruwa ya ɗaga waya sama yana neman sabis, yana cewa, "Na jefa maka ƙugiya, bi zaren."

Wadda bai taɓa shiryawa da ita ba ita ce manhajar hasashen yanayi. Kowace safiya sai ya buɗe ta, ya dubi hoton girgije, ya dubi gabas, ya shafa gwiwarsa ta hagu wadda ke masa ciwo in hadari na tafe. In wayar ta ce za a yi ruwa gwiwa ta ce a'a, sai ya ce, "A shanya." In aka yi ruwan, muna ta gudun kwashe kifi, sai ya ce gwiwar ce ta tsufa. In ba a yi ba kuwa, ranar kowa a kasuwa sai ya ji labari. Amma na lura, a shekarunsa na ƙarshe, in wayar ta nuna girgije, ko me gwiwa ta ce, sai ya sa a ajiye tamfol kusa.

Sai maganar sunaye, wadda a kanta ne muka yi saɓanin da ba mu taɓa yin irinsa ba. Da yake Kawu ba ya karatu, bai ajiye lambar kowa da suna ba. Ƙananan hotunan nan da ke cikin waya ya yi amfani da su. Wannan makulli, wancan tsani, wani agwagwa, matar nan ta kudu kuwa lema, don ran da ta taɓa zuwa Haɗeja da lema ta zo. In an ɗaure kwali, sai ya ɗauki gawayi ya zana alamar mai shi a jiki. Direba ya kai tashar garin, Kawu ya aika wa mai kaya hoton kwalin da lambar direba, shi ke nan. Mu ma a wurin aiki haka muka san su: Mai Makulli, Mai Tsani, Mai Lema. Ainihin sunansu, da lambarsu, da wanda ke karɓar musu kaya a tasha, duk suna cikin kan Kawu da cikin wayar.

Da na yi wata shida a aji, na fara haɗa baƙi, sai kaina ya ɗan kumbura. Wata rana na ce masa, "Kawu, ka ba ni wayar in rubuta maka sunayen mutanen nan yadda ya kamata."

Ya ce, "Yadda ya kamata a wajen wa?"

Na ce, "Ai wannan zane-zanen aikin jahilci ne."

Ban san lokacin da kalmar ta fita ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sannu, Malam A-Ba-Ca. Da jahilcin nan aka yi maka aure." Ya sa wayarsa a aljihu. Kwana tara ba ya yi mini magana sai ta aiki. A na goma na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Washegari na tarar da sabon littafin rubutu da biro biyu a kan kwalin da nake zama. Bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban tambaya ba. Amma sunan Malam A-Ba-Ca ya bi ni har ranar da ya bar duniya, kuma ban sake tayar da maganar sunaye ba.

Wayar da yatsa ake buɗe ta. Akwai kuma wani zane da ake ja a fuskarta in yatsa ya ƙi, shi kaɗai ya san shi. Yana alfahari da haka a majalisa. Yakan ce, "Kwale-kwale mutum ɗaya ke riƙe masa filafili a baya. Wayata yatsa ɗaya ta sani."

To, ranar Alhamis da yamma, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, mun ɗaure kwali goma sha huɗu. Ya zana wa kowanne alamarsa, aka jera su a ɗakin ajiya, za a loda ranar Litinin. Aikin mako uku ne na mata shida, kuma kowane kwali an haɗa shi ne yadda mai shi ya nema, Kawu ya yi masa alkawari da bakinsa. Banda kuwa ba ta jiran kowa da damina. In ta daɗe a ɗaki, fumfuna ta kama ta, ƙwaro ya shiga, ta koma gari.

Ƙanen Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ya fara hango matsalar. Ana cikin shirin wanka ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan Yaya, wayar tana wajenka?"

"Tana nan."

"Shiga da ita. Kafin a sa masa likkafani, ka kama babban yatsansa ka ɗora. Ba wanda zai gani."

Na shiga. Na tsaya a kansa. Ga hannun nan a miƙe, hannun da ya koya mini ɗaurin kwali. Na sa hannu a aljihu na taɓa wayar, na kasa ciro ta. Na ga kamar zan sa shi aiki bayan Allah Ya sallame shi. Na yi masa addu'a na fito.

Kawu Ƙarami ya tare ni da ido. Na girgiza kai. Ya ce, "Ta ƙi?" Na ce, "Ban gwada ba." Kafin a yi sallar Juma'a mun kai Kawu makwancinsa, yatsan ya tafi tare da shi.

A maƙabarta liman ya yi tambayar da aka saba, ya ƙara da cewa duk wanda mamaci ya yi wa alkawari ya zo ya faɗa, a sauke masa nauyi. Na ji maganar har cikin ƙashina. Masu alkawarin suna nesa, ba su ma san ya rasu ba, suna ta aiko da saƙo cikin aljihuna.

Da muka dawo Kawu Ƙarami bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce, "Kunya ta hana ka, to kunyar za ta ci da matan nan? Mutanen da Yaya ya shekara talatin yana tarawa, ka binne su da hannunka." Ni kaina ban tabbata ba shi da gaskiya ba.

Ranar Asabar na kai wayar wurin mai gyara a kasuwa. Ya juya ta, ya ce zai iya buɗewa, amma sai ya wanke ta tas, komai ya tafi. Ya ce ko mu cire layin mu sa a wata waya, mu jira masu saƙo su sake aikowa. Na ce tsofaffin saƙonnin fa, waɗanda ke faɗin wane kwali na wa, da tashar da za a sauke? Ya ce waɗannan sai haƙuri. Na karɓi abata.

Na biya wajen Malama. Ta ce, "Kada ka bari caji ya ƙare, in ta mutu sai zanen. Kuma irin wannan wayar, in ta yi kamar kwana uku ba a ja zanen ba, takan daina karɓar yatsa." Na ce, "Malama, ai yatsan ma babu shi." Ta ce, "Ka dai riƙe ta da caji. Ba a san inda Allah Ya ajiye sauƙi ba."

Duk wannan abin a ƙofar gida ake yinsa, tsakanin maza. Inna, matar Kawu, tana cikin ɗaki ta shiga takaba. Mun haɗa baki cewa kada a gaya mata, kada a ƙara mata damuwa a kan wadda take ciki. Ko zan shiga gaishe ta, sai in bar wayar a zaure, don kada ta ji ƙararta ta tuna.

Ranar Lahadi da safe aka yi addu'ar uku. Kawu Ƙarami ya yanke shawara cewa gobe a fasa ɗaurin, a kai kifin kasuwa a sayar wa duk wanda ya taya, alkawari kuma Allah Ya yafe wa mamaci. Ban iya musa masa ba. Na tashi na shiga cikin gida in gaida Inna, kuma saboda kaina ya yi zafi, na manta ban ajiye wayar ba.

Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ɗana. Ka ci abinci kuwa? Duk ka faɗa."

Kafin in amsa, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na dafe ta da sauri kamar ɓarawo. Inna ta ɗago kai.

"Ashe tana wajenka. Kwana uku ina tambayar zuciyata ina ta shiga. Me ya sa ba ka amsa wa mutane?"

Sai na faɗa mata komai. Kwalayen, da mai gyara, da abin da aka ce in yi a ɗakin wanka na kasa. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama, ta ajiye carbin ta ce, "Miƙo."

Ta goge babban yatsanta a gefen zani, ta ɗora. Wayar ta buɗe.

Na dubi wayar, na dubi Inna. Ita kuwa, a karon farko tun ranar Juma'a, sai na ga ta yi murmushi.

Ta ce, "Ku maza, da kun tambaye ni. Kawunka tun bara wayar nan ta daina gane yatsansa. Wuta da ƙayar kifi sun cinye masa zanen hannu. A kasuwa cikin hannun riga yake ɓoye ta ya ja zanen buɗewa, sannan ya fito da ita yana dannawa don a gani. Wata rana ya dawo ya ce in kawo yatsana. Ya ce ya ga yadda Malama ta sa masa nasa yatsan a wayar, ya riƙe. Ya sa na yi ta dannawa ina ɗagawa har na gaji. Daga nan kullum da safe ni ke buɗe masa, mu saurari saƙonnin tare yana shan kunu."

Na ce, "Amma Inna, shi da yake cewa yatsa ɗaya ta sani?"

Ta ce, "To ƙarya ya yi? Ɗayan ta sani. Bai dai faɗi na wa ba."

Sannan ta dube ni sosai, ta ce, "Ka daina cin ranka. Ko da ka ɗora yatsansa ran nan, ba za ta buɗe ba. Da ka taɓa shi a banza. Allah Ya yi maka albarka da ka bar shi ya huta."

A nan ne na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar Juma'a. Na ji kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka.

Da yake Inna ma ba ta san zanen ba, kuma kwana ukun da Malama ta faɗa na gab da cika, ba mu ɓata lokaci ba. Na aika aka kira Malama. Na ɗauko littafin nan da na tarar a kan kwali, muka zauna a ƙofar ɗakin Inna. Duk lokacin da fuskar wayar ta yi duhu, sai in miƙa, ta ɗora yatsa ta miƙo mini. Malama tana tura saƙonnin zuwa tawa wayar, Inna tana faɗa mini wane ne wane, don ta san muryarsu duka, har ta san wanda matarsa ta haihu da wanda ke ciwon ƙafa. Ni kuma ina rubutawa a hankali, suna da lamba da gari. Hannuna ba ya sauri, amma ba wanda ya ce in yi sauri. Kafin la'asar na cika shafi biyar. A gaban kowane suna na zana alamarsa, makulli, tsani, agwagwa, yadda Kawu ke yi. Ban ga dalilin da zai sa in bar ta ba.

Kawu Ƙarami ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Yaya kenan. Har a kabari sai ya ci mu da gardama." Sannan ya dafa kafaɗata, ya fita neman direba.

Na aika wa kowane ɗayansu saƙon murya, na sanar da rasuwar, na ce kayansa na tafe gobe kamar yadda aka yi masa alkawari. Mai Lema ce ta fara amsawa. Rabin saƙon kuka ne. Da ta natsu sai ta ce, "Wa zai riƙa karya mini kifi yanzu?" Na kira ta ido da ido, na kwance kwalinta, na zaro tarwaɗa daga tsakiya, na kai bakin waya na karya. Ta ce ta ji.

Ranar Litinin da safe motar ta tashi da kwali goma sha huɗu, ba ko ɗaya da fumfuna ta taɓa. Matan suka hura murahunsu, hayaƙi ya sake tashi daga bayan gidan.

Wayar Kawu ta rufe kanta a daren Lahadin, kamar yadda Malama ta ce, ta koma neman zanen da ba wanda ya sani. Ba mu kai ta a wanke ba. Tana cikin kwallar Inna, a naɗe cikin hularsa. Muryarsa kuwa tana cikin tawa. Akwai saƙo guda da ya aika wa Mai Tsani ranar Alhamis da yamma, nakan saurare shi in aiki ya yi mini nauyi. Yana cewa, "Kayanka sun haɗu. In ka ga ɗauri ya yi kyau, ba ni ba ne, Malam A-Ba-Ca ne. Hannunsa ya fi nawa yanzu, amma kada ka gaya masa."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa mutane da yawa. Allah Ya ba Inna haƙuri da tsawon rai. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu tafi ba da alkawarin kowa a wuyanmu ba. Amin.